Wa Ke Tsaye a Hagunka?

Kaftin Mukhtaru mai gyaran mukayyif ne, na'urar nan ta sanyaya ɗaki, kuma da wuya ka sami gida a unguwar Hindawiyya da bai taɓa hawa bangonsa ba. A nan Makka aka haife shi. Kakansa ne ya tako daga ƙasar Sakkwato ya zo Hajji, ya yi zamansa. Amma in ka ce "Mukhtaru mai mukayyif" sai an tsaya tunani. Ce "Kaftin" kawai, a nuna maka ƙofarsa. Shekara ashirin da huɗu yana horar da ƙungiyar ƙwallon unguwarmu, ba albashi, ba godiya, sai ciwon maƙogwaro.

Ni Hafizu, ni ne golansa har shekara goma sha shida, don haka na san halinsa ciki da bai. Kai, mutumin nan akwai taurin kai! Fili duka zai ɗauki ihu a canza gola, shi ko a jikinsa. Cewa yake ba ƙwallayen da aka ci gola ake ƙirgawa ba, bakinsa ake saurare. Muddin yana daka wa 'yan baya tsawa, to da sauransa. In ya yi shiru, ya gama. Kuma ko zai fitar da kai, ba ya yi a lokacin da kake tsamo ƙwallo daga raga. Sai ya jira ka kama ko da guda ɗaya, a tafa maka, sannan ya ɗaga hannu.

Ƙwallo dai sha'awa ce, abincina a sitiyari yake. Ƙaramar bas nake ja ta wani mai motoci, Bandar, ina kwasar masu Umra daga tashar Kudai zuwa Harami. To, wajen shekara guda kafin abin da zan ba ku labari, idona ya fara cin amanata. Abin da ke gabana ina ganinsa tar, amma gefe da gefe sai duhu, kullum yana ƙara matsowa. Ban gaya wa kowa ba, har matata Jannatu. Na san ranar da Bandar ya ji, ranar zan ajiye makulli. Ga shi kuma shi ke saya mana rigunan wasa, ba ya fashin kallon wasanmu.

Wata Juma'a bayan la'asar muka kara da 'yan wata unguwa. Ƙwallon farko daga hagu ta zo, ban san da ita ba sai da na ji raga ta motsa. Ta biyu ma haka. 'Yan kallo suka fara: "Talli'u! Talli'u!" wato a fitar da ni. Da aka ci ta uku, bakina ya mutu murus. Na san Kaftin ya lura, na kuma san abin da yake jira. Wallahi na roƙi Allah ya ba ni ƙwallo ɗaya tak in rungume. Biyu suka zo, ɗaya ta daki ƙarfe, ɗaya ta wuce waje, ban ko motsa ba.

Sai wani ɗan bayanmu ya faɗi, aka tsayar da wasa. Kaftin ya ratso fili da gorar ruwa, ya wuce wanda ya ji ciwon, ya zo ya tsaya a gabana. A fili da Larabci yake magana, don matasanmu Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba, Bandar kuwa ko gaisuwar babu. Ranar da Hausa ya yi mini, ƙasa-ƙasa.

"Dube ni nan, kada ka juya kai. Wa ke tsaye a hagunka?"

Na ce, "Ba kowa."

Ashe alƙalin wasa ne, yana kusa da ni har in na miƙa hannu sai in taɓa shi. Kaftin ya yi salati. Ya ce, "Tun yaushe?"

"Yaya Mukhtaru, don Allah bar ni in kama guda ɗaya."

"Ba ta ƙwallo nake ba. Mutum nawa kake ɗauka a motar nan?"

Na ce, "Sha huɗu."

"Baƙin Allah sha huɗu, a titin Kudai, da wannan idon? Haba Hafizu! Cire safar hannun nan."

Ya juya ya kira Rakan, golanmu na biyu. Bandar ya taso yana tambayar me ya faru, Kaftin ya ce masa, "Hafizu ta'aban." A Larabcin nan kalmar tana nufin gajiya, tana kuma nufin rashin lafiya. Bai yi ƙarya ba, bai kuma tona ni ba. Muna isa gefen fili ya ce mini, da Hausa dai, "Na ba ka zuwa Lahadi ka mayar masa da makullinsa da hannunka. Kuma kafin nan kada ka taɓa motar. In ba haka ba, da bakina zan gaya masa."

Na mayar. Ba don na ga gaskiyarsa ba, don na san zai aikata. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Na koma zaman shagon dabino na wan matata, ina awo ina ƙullawa, ni da na saba ratsa gari.

Na ƙullace shi, ba zan ɓoye ba. Cewa nake ya raba ni da raga da sitiyari a yini ɗaya, a gaban jama'a, ko ƙwallo ɗayar da yake ba kowa bai ba ni ba. Sau uku yana zuwa gidana, sau uku ina sa Jannatu ta ce ba na nan. Na ukun har ya ɗaga murya daga bakin ƙofa: "Gaya masa na ga takalminsa." Na ji shi sarai, na ƙi fita. A raina na riga na san ya yi daidai, girman kai ne kawai ya danne ni. Kullum sai in ce Juma'a mai zuwa zan je.

Wata goma sha huɗu muna haka. Wata Talata da hantsi ya sauko daga tsani a gidan da yake aiki, ya ce ƙirjinsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Bayan la'asar aka sallace shi a Harami tare da wasu mamatan. Da aka ɗauko makaru jama'a suka ruɗe da gudu-gudu, kowa na neman ya sa kafaɗa. Na tsaya ina juya kai dama da hagu, makara ta gifta ta nan, wata ta can, na rasa wacce ce tasa. Na fara tambayar mutane da Larabci, babu mai saurarena. Sai babban ɗansa Sami ya kamo hannuna ta hagu, ban ma ga zuwansa ba, ya ɗora shi a kan katakon.

Ya ce, "Ga shi nan, Baffa. Riƙe da kyau."

Na riƙe. Abin da na yi wata goma sha huɗu ban faɗa masa ba, cewa shi ke da gaskiya, a nan na faɗe shi, ina tafe ina tuntuɓe.