Rigar da Yaya Fiddausi Ta Bari a Jikin Bango

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Asabar, 9 ga Agusta, 2025, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran yayar mijina, Fiddausi Abdulbaqi, a gidansu da ke Nassarawa GRA. Ba ta yi jinya ba. Tana wanke burushinta na zane a famfon bayan gida ta zame ta zauna, kafin a fito da mota rai ya yi halinsa.

Yaya Fiddausi, har yanzu na kasa gaskatawa. Da safen ranar kika aiko mini da zogale. Da aka bari mu shiga mu yi miki addu'a, na ga shuɗin fenti a gefen farcenki, na tsaya ina jira ki motsa.

Lokacin da aka kawo ni gidan ƙaninki Usaid ban san kowa a unguwar ba. Ke kika lura da yadda nake wuni a ɗaki da littattafan soyayya, kika ce, "Amarya, taso ki ga mutane na gaske, na takarda ba za su gudu ba." Kika kai ni ɗakin bayan da kike zane a ciki, kika ba ni kujera. Ba ki taɓa raina karatuna ba. Kina shafa fenti ina ba ki labari, ki riƙa tambaya, "To, ya aure ta ko kuwa?"

A wannan ɗakin kika fara zanen ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ranar da uwargidan da ya tashi a hannunta ta kulle ƙofofi. Wata Kirista da kuke koyarwa tare ce ta gaya miki labarin yana cikin littafinsu, kuma Turawa sun sha zana shi da fuskoki. Ni da wautata na ce ki zana shi kyakkyawa. Kika ajiye burushi. "Afrah, wa ya isa ya zana Annabi? Ni rigar kawai zan zana."

Haka kuwa kika yi. Ƙofa a buɗe, haske yana shigowa, ba kowa a bakinta. Farar riga ta yage ta baya. Sai hannun mace da lalle, riƙe da ƙyallen da ya rage. Hannuna ne. Kika sa na damƙi tsohuwar rigar Usaid har yatsuna suka yi tsami, kina dariya kina cewa, "Riƙe da kyau mana, kamar a littafinki." Da kika gama hannun na ga ba mugunta kika zana ba, hannun wadda ta gane ta yi asara ne. Ranar ban iya karanta komai ba.

Jiya, a wurin zaman makoki, na ji babban wanku, Yaya Badaruddeen, yana cewa bayan addu'ar bakwai za a ƙona duk abin da ke ɗakin zanenki. An gaya masa kin zana Annabi, yana tsoron a kama ki da shi a kabari. Da kuka ya faɗa. Na san ƙauna ce, kuma ban isa na yi masa musu a gaban mutane ba, shi ya sa na rubuta.

Yaya Badaruddeen, don girman Allah ka shiga ka gani tukuna. Ba ka taɓa taka ɗakin ba. Ka zo da malamin da ka yarda da shi. Babu fuska a zanen, babu jikin Annabi, ko inuwarsa babu. 'Yar'uwarka ta ji tsoron abin da kake tsoro tun kafin ka ji shi. Makullin yana hannuna, ba zan ɓoye ba. In ka gani ka ce a ƙona, ni zan ɗauko maka ashana.

Allah Ya jiƙanki, Yaya Fiddausi, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya mahaifiyarki, da Yaya Badaruddeen, da mijina Usaid, da ɗalibanki. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Afrah Aƙilu
Nassarawa GRA, Kano