Agogo Biyu, Wanda Bai Taɓa Hawa Jirgi Ba

Ƙanena da shan kaye ya fara aiki a ofishin sayar da tikitin jirgi. Wata mai sayar da atamfa ce ta zo, ya ce mata jirgi zai tashi ƙarfe goma na safe, tafiyar awa shida ce, don haka ɗanta ya tare ta ƙarfe huɗu.

"Ƙarfe shida," in ji ta.

"Inna, goma a tara da shida fa? Ni na yi makaranta."

"Ni kuma na yi hanyar sau tara. Agogon can ya riga naku da awa biyu, ɗan boko."

Ya kafe, har ya buga wa ɗanta waya da kansa. Bawan Allah ya yi awa biyu a tsaye a filin jirgi. Da ta dawo, agogon bango ta dire wa ƙanena tsaraba. Ya rataye shi kusa da na ofis, ya saita shi da lokacin can. Tun daga ranar ake ce masa Agogo Biyu.

Shekara talatin da ɗaya ke nan. Faɗi filayen jirgi biyu, kafin ka rufe baki ya ba ka kilomita da awoyi. Amma shi ko tsani ya hau sai ya yi salati! Duk wanda ya dawo sai ya tsare shi da tambaya: ina layi ya fi tsawo, minti nawa daga wannan ƙofa zuwa waccan? Matarsa ta ce har a magagin barci sauya jirgi yake yi.

Bara ɗan maigidansa ya karɓi ofishin, ya ce kwamfuta ta isa, a fitar da teburin ƙanena ƙarshen wata. A makon ne mai atamfa ta sake zuwa, yanzu da sanda, za ta ganin jikarta da ta haihu. Ina zaune a benci ina jiran ƙanena ya tashi daga aiki. Kwamfuta ta ba ta minti hamsin tsakanin jirgi da jirgi. Ƙanena ya soke, ya sa ta a jirgin da ke bayansa.

"Baba, minti hamsin ya ishi kowa," in ji ɗan maigida.

"Kwamfutarka ba ta ga gwiwar Inna ba. Tsakanin ƙofofin nan tafiyar minti ashirin ce ga mai ƙafa, ga layi."

"Kai da ba ka taɓa hawa jirgi ba?"

Teburin dai har yau yana nan ƙarƙashin agogo biyu, domin a gaban mutanen da suka cika benci ƙanena ya gyara tabarau ya ce:

"Ban taɓa hawa ba, ranka ya daɗe. Amma shekara talatin ban taɓa barin uwar wani a hanya ba."