Uwar Kwalabe da Gwiwar Babanmu

Ranar Talata ce, tun asuba ake tsuga ruwa, titin asibiti duk ya zama laka. Bakwai saura kwata ta iso kamar kullum, da lemarta mai karyayyen ƙarfe ɗaya. Ta sauya takalmi a bakin ƙofa, ta wanke hannu ta sake wankewa, ta zura riga da hula da takunkumi, sannan ta buɗe akwatin ɗumi ta fara fito da kwalabe ɗaya bayan ɗaya. Kowace sai ta ɗaga ta saitin fitila, ta kara wani ɗan kati a bayanta, ta karanta rubutun da ke jikinsa ta cikin ruwan. In ya karantu tas, kwalba ta koma mazauninta. Shekara goma sha biyu tana wannan, cikin talatin da ɗaya da ta yi a ɗakin gwaje-gwaje. Shi ya sa kowa a asibitin, daga likita har mai gadi, Uwar Kwalabe yake ce mata.

Abin da take reno a ciki ido ba ya ganinsa. Ƙwayoyin halitta ne da ake ɗebowa daga jikin majinyaci, wasu daga ɓargon ƙashin ƙugu, wasu daga kitsen ciki. Ita takan ce yara ne da ba su zaɓi sana'a ba tukuna: in an ciyar da su sun yawaita, sai a kai su inda guringuntsi ya cinye, a yi fatan su kama aiki. Likitoci ba su ɓoye wa kowa cewa gwaji ne ba. Wani ya dace, wani bai dace ba.

Huɗu daga kwalaben safiyar nan na babanmu ne. Shekara talatin yana shimfiɗa tayil a durƙushe, har guringuntsin gwiwarsa ta dama ya rarake, ya koma dogara sanda. Mako uku kafin wannan Talatar aka ɗebi ɓargonsa da kitsensa. Da zai shiga ya ce, "Likita, kitsen nan ku kwashe duka, na yafe." Mama ta ce, "Ashe tumbin nan zai yi rana. Da na sani da ban rage maka mai a miya ba." An tsayar da Alhamis za a yi aikin da ƙwayoyin ɓargon. Akwai kuma daɓen wani babban ɗakin taro da aka yi alkawarin ajiye masa, muddin bai wuce lokacin da ya faɗa ba.

Uwar Kwalabe ta ɗaga ta farko, rubutu ya yi dishi-dishi. Ta biyu haka, ta uku haka. Ta huɗu garau take, amma tare aka shayar da su jiya, daga gora ɗaya. Ta aika a gwada ruwan, ta kira likita.

Ma'aikaciyar jinyar da ke tsaye a wurin ita ta ba mu labarin yadda suka yi. Likitan ya ce, "Anti, ko mu jira sakamako? Ta huɗun nan ai lafiyarta lau. An riga an ware ɗakin tiyata."

Ta ce, "Sakamako sai Juma'a, aikinka Alhamis. In cuta ta shiga gwiwar nan, ba guringuntsi kaɗai zai rasa ba. Takarda ga ta, biro ga shi, amma hannuna ba zai hau ba."

Ya ce, "To wa zai gaya wa iyalinsa?"

Ta ce, "Ni zan zubar da su, ni zan faɗa."

Ni ta tarar a baranda, na kawo Baba gwajin jini. Ban bari ta kai aya ba. Na ce an mayar da talaka abin wasa, na ce an huda tsoho a banza, na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Baba yana ta "Kai, rufe mana baki," ban ji ba. Ita kuwa ta bari na gama, ta ce, "Ɗana, zo nan." Ta tsayar da ni a bayan gilashin tagar ɗakinta, ta shiga, ta ɗago kwalbar wani majinyaci da katin a bayanta. Duk da na bar makaranta tun aji uku, na karanta: Wannan gwiwar wani ce. Ta ɗago ta Baba. Na ƙura ido, na matse ido, ban ga komai ba sai hazo.

Da ta fito ta durƙusa gaban kujerar Baba ta ce, "Malam, ba za a sake huda ka ba. Kitsenka yana nan."

Ashe tun ranar farko ba ta haɗa ɓargo da kitsen mutum ɗaya a aiki. Ranar da ta taɓa wannan ba ta taɓa wancan, kowanne da gorar abincinsa, kuma sai ta daskarar da wani kaso a tukunyar sanyi ko ba a ce ta yi ba. Aiki biyu ke nan a madadin ɗaya. Abokan aikinta har tsokanarta suke, wai Anti ko numfashin majinyaci ta samu sai ta ajiye rabi. Wannan rabin shi ta narkar ta fara reno daga farko.

Baba ya dubi Mama da ta rako mu ya ce, "Kin ji ko? Tumbin dai." Mama ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi.

Ranar Juma'a sakamako ya fito: uku sun kamu, ta huɗun lafiyarta ƙalau. Likitan ya kai mata takardar da kansa. Ta duba ta ce, "Allah sarki. Gobe ma in ta faru haka zan yi."

Bayan mako biyar aka yi aikin. Watanni suka biyo baya na motsa ƙafa da cije baki. Gwiwar ba ta koma ta saurayi ba, amma Baba yana durƙusawa a kan matashi ya yi aikin rabin yini. Ranar da ya koma a duba shi, ya hango tayil ɗaya a fashe a bakin ƙofarta. Washegari ya dawo da cokalin gini da siminti a leda. Ta fito ta same shi a durƙushe, ta ce, "Malam, wa ya sa ka?" Ya ce, "Gwada aikinki nake yi."

Uwar Kwalabe, ƙarshen watan nan za ki ajiye aiki. Ke ce wadda majinyata ba su san fuskarta ba sai idanu. Ke ce aka gode wa likita a gabanki sau ɗari, kika ce amin. Na ɗaga miki murya kika kira ni ɗanki. Ki yafe mini, Uwar Kwalabe. Mun gode, Allah Ya ba ki gwiwar da za ta kai ki duk inda kike so. Ku kuma da za ku gaji ɗakin, kada ku jefar da katin nan. Ku ɗaga kowace kwalba, ko ana ruwa, ko ana jiranku.

Abin da muka rasa a lamarin ga shi: kwalabe huɗu, ɗaya a ciki ba ta da laifi. Mako biyar. Daɓen ɗakin taro, wani aka ba. Sai sanda ɗaya, wadda Baba ya manta a bakin ƙofarta, har yau bai koma nema ba.