Rana Ɗaya, In Ji Rediyo

Ƙanena ne ya jiyo maganar a rediyon motarsa, yana hanyar kasuwa. Akwai wani shiri da ake yi da safe, mai gabatarwa ya riƙa lissafo abubuwan da suka taɓa faruwa a rana mai kamar ta yau. Sha biyar ga Janairu ce. Mai shirin ya ce a irin wannan rana sojoji suka yi juyin mulki na farko a ƙasar nan, aka kashe manya, kuma a irinta dai, bayan shekara huɗu, yaƙin basasa ya ƙare. Ƙanena bai ƙarasa kasuwa ba. Ya juyo, ya ajiye mota a bakin titi, ya shigo lungunmu na Koki da ƙafa, don ko keke sai an karkata yake wucewa.

Ya same ni a tsakar gidan mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, na kwance ƙunshi ina ware leshi da atamfa. Dillanci nake yi tun ina da ɗa ɗaya. Ina shiga gidajen cikin birni, in karɓo kayan wannan in kai wa waccan, kuma kullum ta gidan Inna nake fara biyowa.

"Yaya, ashe ni da ke tagwaye ne ba mu sani ba!"

"Tagwayen da ɗaya ta goya ɗaya? Zauna ka yi bayani, Alhaji."

A gidanmu ba wanda ya san ranar haihuwarsa da lamba. Da abin da ya faru muke sani. Ni an ce na zo duniya ranar da aka kashe manya. Shi kuwa ranar da aka ce yaƙi ya ƙare, shi ya sa tun yana yaro abokan mahaifinmu suke ce masa mai ƙashin arziki, kuma har ya yi furfura bai gaji da jin haka ba. Ya zayyana abin da ya ji, yana ta murna. Ya ce daga bana duk shekara zai sa a dafa shinkafa a raba sadaka a wannan rana, tawa da tasa a tukunya ɗaya.

Inna tana kan tabarma tana tsinkar zogale. Ko kai ba ta ɗago ba.

"Ba rana ɗaya ba ce."

"Inna, a rediyo fa aka faɗa."

"Rediyon ne ya yi naƙudar? Waccan cikin azumi ta zo, goman ƙarshe. Kai kuwa an sha ruwa, an yi Sallah, har maniyyata sun fara ɗaure kaya."

Waccan ni ce. Ni ce 'yar fari, kuma Inna irin matan da ne masu alkunya. Ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta taɓa yabona a gaban mutane ba, in ina ciwo ma sai dai ta tambayi wani yaya jikin yarinyar nan.

Ƙanena ya gyara zama ya fara yi mata bayani. Ya ce ai watanmu yawo yake yi, azumi yakan zo da zafi yakan zo da sanyi, na Bature kuwa yana tsaye wuri ɗaya. Ya faɗa, ya maimaita, ya ɗauko tsinke yana zane a ƙasa. Inna ta tattara zogalenta, ta ce masa in shinkafarsa ta yi masa yawa ya kai gidan marayu amma kada ya haɗa ta da ta kowa, ta shige ɗaki ta saki labule.

A zaure ya tsayar da ni, murnar nan duk ta gudu daga fuskarsa.

"Kin gani ko? Abin da yaron firamare zai gane. Kan Inna ya fara tafiya, Yaya."

Wannan magana ba ranar ta fara ba. Ya daɗe yana son ya ɗauke ta ya kai ta gidan da ya gina a bayan gari, inda ya ware mata ɗaki da banɗaki a ciki. Yana da hujjarsa. Ta taɓa barin tukunya a wuta har ta ƙone, hayaƙi ne ya kira maƙwabta. Takan kira jika da sunan wata jikar. Amma ni na san Inna. A Koki ta shigo amarya, a nan aka fitar da gawar mijinta, kuma daga hantsi zuwa la'asar tabarmarta ba ta rabuwa da mata masu zuwa neman shawara ko gulma. A gidan da ke da katanga da maigadi, ba ta wata uku za ta daina magana. Ƙanena ya ce ƙarshen wata zai zo da mota ya ɗauke ta. Na ce ya ba ni zuwa lokacin, kada ya faɗa mata komai.

Gaskiya ni kaina abin ya tsaya mini a rai. Yaya rana guda za ta ɗauko masifa, ta zagayo ta ɗauko sauƙinta? Na shiga tambayar tsofaffin da nake kai wa kaya. Wata Hajiya a Gwammaja ta ce ba ta mantawa, da bakin azumi suka ji labarin kashe manyan, ranar ko ƙosai ba a soya a lungunsu ba. Na tambaye ta ƙarshen yaƙi fa, ta ce wannan ai ba azumi, don tana tuna ana ta shan rake a ƙofar gida. Wata kuma ta ce ita abin da ta sani kawai, ranar farko ta ɓoye 'ya'yanta a ƙarƙashin gado, ta biyun kuma ta saya musu alewa. Duk cikinsu ba wadda ta ambaci Janairu.

Na zauna na yi lissafina irin na 'yan kasuwa. Duk shekara watanmu yana rigan na Bature da kwana goma da 'yan kai. A shekara huɗu ya tara kusan wata da rabi. In ka tashi daga ƙarshen azumi ka ƙara wata da rabi, tsakanin Sallolin biyu za ka sauka, daidai inda Inna ta ce. Ashe rediyo bai yi ƙarya ba, Inna ma ba ta yi ba. Har ma abin ya ba ni sha'awa, yadda mutum ɗaya yake da ranar haihuwa biyu, ɗaya tana zaune ɗaya tana zagaya shekara, ba sa gamuwa sai an daɗe.

Saura tambaya ɗaya: ba ta gane ba ne, ko ba ta so? Washegari ina ɗaure kaya na ce, kamar ba komai, "Inna, yaushe ne likitan ido ya ce a koma?" Nan take ta faɗi ranar da watan Bature, ta ƙara da cewa Talata ce, kuma kada a zo mata a makare irin na wancan karo. Na ce a raina, to, wannan kan lafiyarsa ƙalau a nan wajen.

Sana'ata ta koya mini abu guda. In mace ta ƙi sayar da zani bayan an yi mata tayi mai kyau, to ba kuɗin ne matsalar ba. Ko da shi ta fita sunan ɗan da ya rasu, ko wani ne ya saya mata da ba za ta faɗa ba. Ƙara mata kuɗi ƙara mata haushi ne. Sai dai ki nemi wadda ta san tarihin zanin.

Wadda ta sani ita ce Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, da ke Zaitawa. A hannunta na yi rabin ƙuruciyata. Na same ta tana shan hantsi, ta miƙe ƙafafu.

"Uwar 'yan tsumma! Yau me aka kawo mini, ko tsohon zanin wata za ki ce mini ɗan Makka ne?"

"Ke da ba ki saye sai taɓawa? Tambaya na kawo, Gwaggo."

Na faɗa mata duk yadda aka yi. Ta yi dariya har da tari.

"Shi wannan sakaran ƙanin naki, da ya tambaye ni kafin ya je yana zane a ƙasa."

Ta ce a Gwammaja aka haife ni, gidan iyayen Inna, kamar yadda ake yi wa haihuwar fari. Da rana dangin uba suka tafi barkar haihuwa, gari tsit, kowa yana magana ƙasa-ƙasa, ba wanda ya san abin da gobe za ta zo da shi. Kakata ta wajen uba, Allah ya ji ƙanta, mace ce mai kaifin baki. Aka miƙa mata ni, ta buɗe zani ta duba tafin ƙafata, ta ce, "Wannan kuwa da farar ƙafa ta zo. Tana sauka manya suna faɗuwa." Farar ƙafa ita ce macen da ake cewa duk inda ta taka sai tsiya ta biyo. In kalmar ta manne wa yarinya, har aurenta sai ta taɓa.

"Ɗaki cike da mata," in ji Gwaggo, "ba wadda ta ce uffan. Uwarki tana kwance ta juya wa mutane baya, yarinya ƙarama, ko kallonki ba ta yarda a ga tana yi. Sai muka ji murya daga jikin bango: wadda ta zo a goman ƙarshe na azumi ba ta zuwa da tsiya. Wallahi kamar an yi aradu. Mai jegon fari ta tanka wa uwar miji, kuma a kan 'yar fari! An shekara ana yi mata gori da rashin kunya."

"Kaka fa, me ta ce?"

"Me za ta ce? Ta ja da watan Alƙur'ani? Ta haɗiye maganarta. Daga ranar duk wanda ya ce an haife ki ranar kashe manya, sai uwarki ta ce cikin azumi dai. Laƙabin watan azumi da ake kiranki da shi, wa kike tsammani ya sa aka liƙa miki? Ita ta roƙe ni in fara kiranki da shi, don ita bakinta ba zai iya ba."

Na kusa sittin, ina da jikoki, ban taɓa sanin an yi wannan yaƙi a kaina ba.

"Kada ki je ki yi mata godiya," in ji Gwaggo. "Sai ta kore ki da muciya."

Daga Zaitawa shagon ƙanena na wuce. Na bari ya sallami masu sayen taya, sannan na faɗa masa. Ya cire hula ya riƙe a hannu.

"To me ya hana ta faɗa?"

"A gabana? Kai ma ka san ba za ta iya ba."

Ya yarda maganar sadakar haɗin gwiwa ta mutu. Amma shi ma ɗan kasuwa ne, bai saki duka ba.

"Na ji, wannan ba ruɗewa ba ce. Tukunyar fa, Yaya? Ita ma alkunya ce ta ƙona ta?"

Nan ya fi ni gaskiya, kuma ban yi masa gardama ba. Inna tana mantuwa, kuma abin gaba zai yi, ba baya ba. Na riga na auna wannan tun a hanya. Mijina ya rasu, 'ya'yana duk suna gidajensu, ɗakin da ke kallon na Inna kuwa ba kowa a ciki sai tsofaffin kwanuka. Na ce masa ni zan dawo Koki. In ya ga wata tukunyar ta ƙone ina gidan, ya zo da motarsa, ni da kaina zan ɗaura mata kaya. Ya yi ta juya hular, sannan ya ce shi zai gyara rufin ɗakin, don yana yoyo.

Ranar da na tare, Inna tana zaune tana kallon masu shigo da kaya. Ba ta tambayi dalili ba, ni ma ban faɗa ba. Da suka tafi sai ta fara karanta mini dokokin gida kamar baƙuwar haya: ba a rufe ƙofar zaure kafin maƙwabciya ta ɗebi ruwa, ba a shanya a igiyar gabas don tata ce, kuma masu zuwa sayen kaya su tsaya a ƙofar ɗakina, kada su cika mata tabarma da ciniki.

Na ce na ji.

"Kuma ki gaya wa mai tayar nan," ta ce, "ɗakin da ya gyara a gidansa ya zuba kaji. Yana tsammani ban sani ba."