Wandon Baturen da ke Bango

A bangon shagon ɗinkin Baba da ke Wunti a Bauchi akwai wani hoto da ya girme ni nesa ba kusa ba. Bature ne mai gashin baki, ya harɗe hannu, ya ɗora ƙafa a kan ƙwallo, wandonsa ya sauko har ƙasan gwiwa. Wani injiniyan layin dogo ɗan Sikotilan da Baba ya riƙa yi wa ɗinki ne ya bar masa shi. Ya ce mahaifinsa ne, ya yi wasa a garinsu tun kafin yaƙin duniya na farko, daga baya ya haye teku ya ci gaba da bugawa a wata ƙasa.

Baba bai san kan ƙwallo ba, amma duk wanda ya kawo ɗinki sai ya sha labarin, kuma kowace shekara ƙasashen da Baturen ya taka sai sun ƙaru. Wandon ne dai ya fi burge shi. Yakan ce, "Ba musulmi ba ne, amma ya san al'aura." A kan gajeren wando ya hana ni ƙwallo, ni kuwa ina bugawa a ɓoye.

Ina da shekara goma sha tara aka ce wani mutum zai zo daga Kamaru neman 'yan wasa, kuma ba ya ɗaukar kowa sai da yardar uba. Na yi ta maza na faɗa wa Baba. Ya ciro tef daga wuyansa, ya auna ni, ya ɗaga kai ya dubi bango.

Bayan kwana uku ya miƙo mini farin wando mai kauri, har da zariya. Ko taƙi ɗaya bai saɓa wa hoton ba.

Ranar gwaji na sa shi don in fita gida lafiya, na cusa gajerena a jaka. Ina isa fili abokaina suka ɗauka, "Liman ya iso, a ta da salla!" Na nufi bayan katanga zan canja, sai na hango Baba a gindin dogonyaro. Mutumin da ba ya rufe shago sai Juma'a ko jana'iza. Na mayar da jakar.

Wandon ya sha gumi ya yi nauyi, ina gudu yana riƙe ni. Mutumin Kamaru ya zaɓi nasa, ban shiga ba.

A hanya haushi ya ci ni, na ce, "Baba, wandon nan ne ya kayar da ni."

Muna cikin tafiya ya ce, "Akwai abin da ban taɓa ba kowa labari ba. Injiniyan ya ce ranar da Baturen hoton nan zai haye teku, ubansa ko ƙofa bai leƙo ba. Kafin ya dawo, tsohon ya rasu. Ni na ce in tafiya ta kama ka, ka tafi da abin da ya fito daga hannuna."

Kunya ta rufe ni, na kasa dubansa. Shekara huɗu na ƙara ina wasa a Bauchi, da wandon nan, ina shan tsiyar 'yan kallo. Har yau a Wunti Liman ake ce mini, kuma tun da Baba ya rasu na daina hanawa.