Bayan Gida Ya Rasu

Ku da kuka zo Masar jiya-jiya, ku tambayi tsofaffi: daga unguwar Arba wa Nus har Giza ba a yi Bahaushen da ya kai ni Turanci ba. In na buɗe baki, Baturen Ingila ma sai ya nemi ƙamus. Shi ya sa har gobe ban manta da ranar da Turancin nan ya kusa raba ni da abincina ba.

A shekarar 2012 ne, ina aiki a shagon turaren wani dattijo, Hajji Abdu, kusa da dalar Giza. Ga wanda bai san sana'ar ba, mu ba mazauna unguwa muke jira ba, bas ɗin 'yan yawon buɗe ido muke jira. Jagoransu shi ne sarki, inda ya ce direba ya tsaya nan kasuwa take. Bayan juyin juya hali baƙi sun yi ƙaranci, amma bas ɗin Japanawa na wani jagora, Ustaz Magdi, bai fasa tsayawa ƙofarmu ba. Magdi ya taɓa gaya mini cewa a harshensu kalmar mutum ɗaya da ta mutane da yawa kusan duk ɗaya ce. Na ce ai na gani, in ɗaya ya leƙo shago sai gari guda ya biyo shi.

Abin da ke ci mini rai shi ne allon ƙofarmu. Wani mai fenti ne ya rubuta shi da Turanci, abin da ya fito kuwa shi ne: "Shigo mu sansana ka kyauta. Matarka za ta gudu da wannan turare." Kullum sai Japanawan nan sun jeru gabansa suna hoto, suna rufe baki da hannu.

Na ce, "Ya Hajji, dariya fa ake mana. Ga ni a gidan, a ce wannan abin kunya yana rataye?"

Ya ce, "Ya Ustaz Sani, allon nan ya girmi gemunka."

Ban bar shi ya sha shayi lafiya ba sai da ya ce, "Khalas, yi yadda ka so." Na tafi Ma'adi, unguwar masu kuɗi, na ga yadda shagunan manya ke yi, gajere, ba surutu. Na sa aka rubuta: "Shagon turare. Maraba." Tsohon allon kuwa mai gasa dankali ya hura wuta da shi.

Bas ya zo, ya rage gudu, ya wuce. Washegari ko rage gudun bai yi ba. Na tare Magdi, ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ya basha. Turare kowa na da shi. Allon suke tambaya tun daga filin jirgi, 'yan'uwansu sun nuna musu hotonsa."

Hajji bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "In bas bai dawo ba kafin ƙarshen wata, ka koma Ma'adi su ɗauke ka." Ni kuwa ga iyali, ga haya.

Na zauna na ƙirƙiro gurɓataccen Turanci da gangan, na rataya. Magdi ya karanta, ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Wannan an ga hannun mai neman a yi dariya."

Ana haka famfon bayan gidanmu ya fashe. Na ɗauko kwali na rubuta sanarwa da Turancina na gaske, na ranar Sallah, na manna a ƙofa. Magdi ya biyo neman shayi, ya karanta, ya dafa bango don dariya. Kafin la'asar ga bas, ga hoto, ga ciniki. Wai abin da na rubuta shi ne: "Bayan gida ya rasu. Muna roƙon baƙi masu daraja su riƙe har Alhamis." Ni dai har yau ban ga aibinsa ba.

A nan na gane cewa a sana'ar nan kafin ka gyara abin da ka tarar, ka fara tambaya ko shi ne ke ciyar da kai.

Da yamma na ce wa Hajji, "Ka ga dabara ko? Gobe zan ƙirƙiro wani."

Ya dafa kafaɗata ya ce, "A'a, ya ibni, ɗana, kar ka ƙirƙiri komai. Kai dai ka rubuta iyakar iyawarka."