Ni ne Lamba Arba'in da Ɗaya

Na Allah ne mu, gare Shi za mu koma. Ranar Talata 14 ga Rajab, 14 ga Janairun 2025, Allah Ya yi wa Dokta Sanoussi rasuwa a gidansa da ke Sukra, nan Sabha, bayan gajeriyar jinya. Ɗan Damagaram ne, ya shekara goma sha ɗaya yana aikin ɗakin gwajin jini a garin nan.

Dokta, bari in fara da laifina: shekara biyu ina zarginka. Ba ni kaɗai ba. A Sabha, baƙo bai san a ɗebi jininsa ba sai don tahalil, gwajin da ke iya sa a loda mutum a mota a mai da shi gida. Sai ga ka kana bin gidajen 'yan ci-rani a unguwar Hajara da allura, kana neman masu gyambon nan na cizon ƙudan rairayi, kana sa magani kyauta. Kyautar ce ma ta fi tsorata mu. Ranar da Mourtala direba ya ji ka a waya kana cewa "saƙo ya isa ga sojoji", kafin la'asar rabin unguwa sun ɓuya.

Da nawa gyambon ya ƙi warkewa a ƙauri, dole ta kai ni wurinka. Kana wanke shi kana ba ni labarin sojojin naka: ƙwayoyin garkuwar jiki ne, masu haɗiye cuta. Ka ce abinci ɗaya suke da shi, wai arjinin, amma masu sarrafa shi biyu. In wani saƙo ya zo, na farko ya mai da shi gubar kashe cutar. In wani saƙon daban ya zo, na biyu ya mai da shi kayan ɗinke rauni, cutar kuwa ta zauna ta ci ta ƙoshi. Kana son gano abin da ke sa jikin wani ya aika saƙon da bai dace ba. Na ce ashe har cikin jini akwai masu ciyar da ɓarawo da sunan gyara. Ka yi dariya, ka rubuta 41 a jikin kwalbar jinina.

Na warke, amma ban daina tunanin kundi mai baƙin bango da kake rubuta gwajinmu a ciki ba. Inda akwai lamba, na san akwai inda aka rubuta mai ita.

Ranar addu'ar uku wani ya zo, fes da shi, ya ce abokin bincikenka ne. Babu wanda ya taɓa ganinsa. Bai tambayi yadda ka cika ba, bai tambayi inda aka sa ka ba. Kundi ya tambaya. Mutum ɗari da wani abu ne a ciki, yawancinmu ba takarda. Ina kallo matarka Oumoul Khairi ta miƙo shi daga bayan labule.

Ya buɗe, ya juya, ya sake juyawa. Ya ce, "Hajiya, ina sunayen?"

Ta ce, "Ai bai taɓa rubutawa ba. A ka yake riƙe su."

Ya ajiye kundin a tabarma ya tafi, ko fatiha bai tsaya ba. Wataƙila da gaske masani ne, na zalunce shi kamar yadda na zalunce ka. Har yau ban sani ba. Abin da na sani, ba wanda zai iya bin majinyatanka ya ƙarasa aikinka, kuma ka san haka tun ranar da ka ƙi rubuta mu.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya rufa maka asiri yadda ka rufa mana. Allah Ya ba Oumoul Khairi da 'yan'uwa na Damagaram haƙuri. Ka yafe mini.

Mahmoud, lamba 41
Hajara, Sabha